Littafin Ummu Hani da Bakin Tasi'u

Tasi'u ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa fasa shagon kowa ba. Aikin yayarsa ya sace, ya shekara shida yana yin suna da shi a bainar jama'a.

Duk mai zuwa biki a Zongon Lome ya san muryarsa, ya kuma san al'adarmu. Idan mawaƙi ya kira kakannin amarya, ya faɗi garin da suka fito da sana'ar da ta kawo su bakin teku, sai matan gidan su miƙe su shiga fili. Tasi'u bai taɓa kuskure a nan ba, domin ba shi ke rubuta waƙoƙin ba.

Yayarsa Ummu Hani ke rubutawa. Tela ce a bakin kasuwa. Aji huɗu ta yi a lakwal, wato makarantar boko, sauran ilimin da kanta ta nemo. Da an sa ranar biki sai ta rufe keken ɗinki, ta je ta zauna gaban tsofaffin gidan, tana tambaya tana sawa a littafinta. Ita za ta tsara baitoci, shi ya haddace ya ɗora kiɗa.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa.

"Tasi'u, ka ambaci sunana ko sau ɗaya."

"Haba Yaya! Wa zai ɗauki mawaƙin da mace ke rubuta wa waƙa? Bari dai na ƙara ƙarfi."

Ya ƙara ƙarfin, har aka kira shi hira a gidan rediyo. Da aka tambaye shi mai rubuta masa, ya yi dariya ya ce, "Ni kaɗai. Mata rawa suka iya, rubutu na maza ne."

Ummu Hani na shago ta ji da kunnenta. Da ya zo mata da maganar bikin jikar Magajiya Batul, shugabar matan Zongo, ko kai ba ta ɗago ba.

"Tunda na maza ne, ga biro can."

Girman kai ya hana shi ba ta haƙuri, lalaci ya hana shi zuwa wurin tsofaffi. Sai ya ɗauko tsohuwar waƙar wani biki da aka yi a unguwar Avédji, ya sauya sunaye kawai.

Ranar biki a unguwar Kégué, wuri ya cika da mata cikin anko. Tasi'u ya ɗaga murya yana yabon kakan amarya, sarkin fawa daga Sakkwato. Babu wadda ta motsa. Ya maimaita baitin, mata na zaune suna kallonsa. Magajiya Batul ta ɗaga hannu, aka tsayar da kiɗa.

"Kai ɗan nan, gidan wa kake wa waƙa? Fawa sana'a ce mai daraja, amma ba tamu ba ce. Wannan ta gidan Inoussa ce, ina zaune ranar da ka rera ta!" Ta juya tana duba mata. "Ina mai littafin nan? Mu da take zuwa tana tambaya, mun daɗe da sanin mai waƙa."

Ummu Hani ce ta ɗinka ankon bikin, kuma tana awo tana tambaya, don ya zame mata jiki. Ta fito ta karɓi makirfo daga hannun ƙanenta. Muryarta ba ta kai tasa zaƙi ba, kuma babu kiɗa. Ta kira Malam Iddi, tushen gidan amarya, da ya taso daga Kano, ya bi ta Salaga da huhun goro da allonsa. Ta kira matarsa Hussainatu, wadda ta riƙe cinikin bayan rasuwarsa har ta gina gida. Kafin ta kai baiti na uku, Magajiya da kanta ta miƙe da sandarta, guɗa ta kaure, fili ya cika.

"Faɗi sunanki kowa ya ji," in ji Magajiya.

"Ummu Hani. Ni na rubuta wannan, da duk waɗanda kuka ji a baya."

Jama'a, basira kyautar Allah ce, bai ware ta ga maza ba. Wanda ya ɓoye aikin mace don ya yi suna azzalumi ne, ko da ƙanenta ne ciki ɗaya.

Yau mawaƙa uku ke rera waƙoƙin Ummu Hani, kuma da sunanta suke farawa. Tasi'u kuwa, tun ranar babu gidan da ya sake kiransa biki a Zongo. Zemijan yake tuƙawa, wato babur na haya, yana kai matan Zongo wurin bikin da ake rera waƙar yayarsa.