Ɗalibin da Ya Ba Kunya Sifiri

Tun da kin ce za ki ɗauko shiryayyiyar jarrabawa daga littafi don ki huta, zauna in ba ki misali. An yi wani ɗalibi a wata jami'a, yana digiri na biyu a kan gwajin harshe da auna shirye-shiryen koyarwa. Akwai shi da ƙwaƙwalwa, sai dai ba ya son abin da zai sa shi gumi. Wata ƙungiya da ke ɗaukar nauyin ajin Turanci na matan aure a wani ƙauye ta nemi a auna mata ajin, ta san ko za ta ci gaba da shi ko ta rufe. Aka ba shi aikin ya zama bincikensa. Maimakon ya tsara tambayoyinsa, ya fara gwada su a kan mutum biyar ko shida kamar yadda aka koya masa, sai ya kwafo jarrabawar baka da aka shirya wa mutanen wata ƙasa. Dokarta ita ce ba a magana sai da Turanci, kuma duk wadda ta kasa amsa tambaya biyu a jere, an gama da ita. Ya tafi da rikoda, mata arba'in suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowacce ta faɗi sunanta tsaf. A tambaya ta biyu sai ta sunkuyar da kai, a ta uku ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Gogan naka idonsa na kan takarda da agogo, yana ta zuba sifiri kamar mai shuka gero. Ya rubuta cewa shekara biyu matan nan ba su koyi komai ba, ya sa hannu, ya aika.

Bayan wata guda, yana shirin kare bincikensa a gaban malamai, ya kunna rikodar don ya tsinci misalai. Ya ji muryarsa tana tambaya da Turanci: mene ne sunan mijinki? Mene ne sunan ɗanki na fari? Sai shiru. Can ya jiyo wata dattijuwa a bakin ƙofa tana ce wa ta bayanta ƙasa-ƙasa, "Yaron nan ba shi da uwa ne? Ɗan farin nawa zan kama sunansa?" Shi ma ɗan fari ne, shekararsa talatin uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ashe kunya ya auna, Turancin ko taɓa shi bai yi ba. Tsoro ya kama shi. Malaman da za su titsiye shi ma ya manta da su, sa hannun nan nasa kawai yake gani. Ya buga wa ƙungiyar waya ba a ɗauka ba, ya hau mota zuwa ƙauyen, yana addu'a duk tsawon hanya Allah ya sa ba a karanta rahoton ba tukuna.

Ya tarar an kwashe bencina, allon yana jingine a waje akuya na lasarsa. Malamar ajin ta dube shi, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Sati biyu ke nan da rufewa. Ka san ranar da ka tafi, da Turanci suka yi ta gulmarka?"

To kin ji. Shi ya sa Hausawa suka ce zanen aro ba ya rufe katara.