Famfon da Na Buɗe

Na murɗa famfon unguwarmu, ko ɗigo bai fito ba. A cikin gida, gawar mahaifiyata tana jiran ruwan wanka.

"Honarabul, daina wahalar da kanka," in ji wata tsohuwa maƙwabciyarmu. "Rabonsa da ruwa tun ranar da ka yanke ƙyalle."

Na fi ta sani. Ina kansila na sa hannu aka karkatar da kuɗin haƙa rijiyar zuwa gyaran ofisoshinmu. Ranar buɗewa, motar ruwa ce ta cika tankin da sassafe. Rabin Suleja suka tafa mini.

Tsohuwar ta sauke bokitinta a gabana, ruwan rafi jajawur.

"Ɗauka, ɗana. Ai shi marigayiyar take sha."