Inuwar Kakana

Ina aji biyar, na dawo daga lekol na tarar da kakana a tsakar gidanmu na Zongo, yana auna inuwarsa da tafin ƙafa don ya san shigar la'asar.

Ya ce, "Zo, amaryata, in koya miki."

Na ce, "Kaka, malaminmu ya ce masanan Turai ne suka gano tafiyar duniya da rana. Naku camfi ne."

Ya kalle ni, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Har ya rasu bai sake yi mini tayin ba. Yau ni ke koyar da yara sunayen masanan nan. Lissafinsa kuwa ba wanda ya iya a gidanmu, alhali duk cikin jikokinsa ni ya zaɓa.