Fuskar da ke Ƙarƙashin Rawani

Ɗayyabu, na ga kyamarar, ta yi kyau, Allah ya sa albarka. Amma na ji ka ce ba za ka ɓare ledarta ba sai jirgi ya sauke ka Istambul, wai kada ta tsufa. To jawo kujerar nan, in ba ka misali.

An yi wani maɗinki da mahaifiyarsa ke da wa guda ɗaya tak a duniya. Tun suna yara ubansu ya ɗauki yaron suka kama hanyar Makka a ƙasa, daga nan shiru kake ji. Sai da ta tsufa tukuf wasu alhazai suka kawo labarin wani dattijo a wani ƙauyen Sudan, bakin kogi, mai yawan ambaton sunan garinsu. Tsohuwa ba ta da ƙafar tafiya, labarin baki kuma ya ishe ta, don an sha sa mata rai a banza. Ta ce ɗanta ya je ya ɗauko mata fuskar mutumin. Tsagar gidansu daban take, akwai wata 'yar gajeruwa da wanzaminsu ke karkatarwa a gefen ido, in ta gan ta da idonta ta san jininta ne. Lokacin babu wayar hannu, fim ake sawa, ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke. Maɗinki ya sayi 'yar kyamara daidai aljihu, ya naɗe ta a ƙyalle ya cusa ƙasan akwati kamar kayan Sallah, irin naka sak. Uwar ce ta hana shi sakat, ita sai an fara da ita. Don a zauna lafiya ya fito da ita tsakar gida da rana tsaka, ta yafa farin mayafinta, ya danna. Da aka wanko hoto, mayafi ya fito tas har zaren bakinsa ana gani, fuska kuwa baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Tsohuwa ta juya hoton sama, ta juya shi ƙasa, ta ce, "Mayafin dai nawa ne. Wace ce a ciki?"

Nan take maɗinki ya tuna an gaya masa dattawan can daga farin rawani sai farar jallabiya, ga rana kamar ta tsaga kai. Ashe hasken farin kaya ne ke ruɗa kyamara ta runtse ido, fuskar baƙin mutum ta nutse a duhu. Daga ranar ya zama abin dariyar unguwa. Ya ɗauki ladan, ya ɗauki mai goro, duk mai farar rigar da ya tsaya ƙofar shagonsa bai tsira ba, har ana tsokanarsa wai ɗinkin ne ya gagare shi. Fim ya lalace, ya ciji yatsa ya sayo wani. Sannu a hankali ya gano bakin zaren: ka jawo mutum bakin zaure inda inuwa take amma haske na shigowa ta gefe, ka matso har fuska ta cika idon kyamara, ka riƙe numfashi sannan ka danna. Hannunsa ya saba, ba ya ko duba maɓalli.

Da ya isa ƙauyen ya tarar dattijon ba ya son hoto ko kaɗan. Da ƙyar ya yarda a yi masa sau ɗaya, shi ma a tsaye, yana haramar masallaci. Maɗinki bai yi wata-wata ba, ya ce, "Baba, ɗan matso nan bakin ƙofa." Ya danna, ke nan. Ya dawo gida, aka wanke, ya ɗora wa uwarsa hoton a tafin hannu. Ga rawani fari fat, ga fuska a ƙarƙashinsa garau, ga 'yar tsagar nan a karkace gefen ido. Tsohuwa ta ɗora yatsa a kanta, ta ɗauke ta kai gefen nata idon, ta daɗe a haka. Sannan ta yi dariya hawaye na zuba, ta ce, "Yaya ne. Kai, ya tsufa." Farin cikin da ta yi ran nan bai bar ta ba har ƙarshen kwananta, kullum da safe sai ta gaida hoton kafin ta karya kumallo.

Saboda haka yaga ledar nan tun yau, Ɗayyabu. Ga ni da farar riga, ga rana ta take, fara da ni mu ga ko za ka same ni a ciki. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ba a fafe gora ranar tafiya.