Jan Gwadan da Ya Yi Gadin Barcin Umma

Ummata nas ce. Duk ranar da ta kwana a aiki ba ta samun barci a gida, don maƙwabtanmu na Gyaɗi-Gyaɗi ba sa daina sallama: wannan allura, wancan zazzaɓin yaro.

Wata rana da la'asar, ina ƙarama, ta ja hannuna zuwa lambun shaƙatawa. Na ɗauka lilo za a kai ni. Sai ta zauna a benci ƙarƙashin darbejiya, mayafinta na warin asibiti, ta nuna min wani jan gwada da ke ta gyaɗa kai.

"Zuba masa ido, 'yar Umma. In ya tafi, ki tashe ni."

Kafin in amsa har ta yi barci, baki buɗe. Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Da ƙadangaren ya juya zai gudu, sai na gutsura masa biskit ɗina. Haka na yi ta jefa masa har ya ƙare, ban ɗanɗana ba.

Yau ni ma daga aikin kwana nake. Na kawo ɗana lambun, sai dube-dube nake, ko ƙadangare ɗaya babu.