Igiya Biyu a Aljihun Baba

Su huɗu ne a gidan: Baba, Mama, Yaya mai shekara uku, da jaririn da ya gaje mata keken tura jarirai. Tun zuwansa take tafiya a ƙasa.

A kanti, Baba ya zaro igiya ya gwada wani keke mai kujera biyu.

"Faɗin ƙofarmu ke nan," ya ce wa mai kanti.

Yaya ta turo baki. "Mama, wani jaririn za ki ƙaro? Ni fa?"

Baba ya zaro igiya ta biyu, ya gwada kujerar baya.

"Wannan kuma tsawon ƙafarki ne. Hau, uwar ƙorafi."

Nan Yaya ta gane ƙaninta bai cinye mata wuri ba.