Farar Mota a Madubi

Tun daga gidan mai na biyu Mama ta lura da farar motar. Gilasanta masu duhu ne, ba a ganin na ciki. In Mama ta rage gudu, ita ma ta rage. In ta taka, ita ma ta taka. Ba ta matso ba, ba ta kuma wuce ba.

A kujerar baya Yaya, ɗan shekara shida, yana ƙirga manyan motoci. Sai ya kai goma sha bakwai ya rikice, ya koma tara. Auta, mai shekara uku, ta yi barci da guntun biskit a hannu.

Wata da watanni Mama tana yi musu alkawarin zuwa tafki, su ga kwale-kwale, su jefa wa agwagi burodi, su tsoma ƙafa a ruwa. Kullum a gidan sai a ce a bari sai an samu lokaci. Yau da sassafe ta dafa ƙwai, ta cika gorar ruwa, ta naɗe tabarma, ta fito da yaran a hankali, takalmansu a hannunta. Wayarta ma kashe ta ta yi ta jefa cikin jaka. Yau ranar yara ce.

Da Yaya ya ce fitsari yake ji, ta ga dama ta samu ta gwada. Ta sauka daga titi a wajen masu sayar da ayaba. Farar motar ta wuce kaɗan, ta tsaya ƙarƙashin wata bishiya. Babu wanda ya fito.

Mama ta riƙe hannun yaron har sai da ya ce tana ji masa ciwo. Ta tambayi mai ayabar ko ta san motar can. Matar ta kare ido da tafin hannu, ta duba, ta girgiza kai. Ta ce zamanin nan sai addu'a, uwa ba ta sakin hannun ɗanta ko a ƙofar gida. Ta ƙara da cewa akwai shingen 'yan sanda a gaba kaɗan, ta tsaya ta gaya musu.

Mama ta yi godiya. A shingen ta sauke gilashi, ta gaishe su da murmushi, ɗan sandan ya leƙa ya ɗaga wa Yaya hannu, ya ce su sauka lafiya. Ba ta yi musu zancen farar motar ba. To me za ta ce? Wai mota tana bin titi?

"Mama, Abba zai same mu a can?" in ji Yaya.

Ta ce ya ci ƙwansa kafin ya huce.

Wajen ƙarfe goma ta karya kwana zuwa hanyar tafkin, wata 'yar siririyar hanya mai ramuka da ba ta zuwa ko'ina sai bakin ruwa. Ta zuba wa madubi ido. Ƙura ta lafa, sai ga farin hancin motar ya shigo.

Ta danna makullin ƙofofi. Abu ɗaya ta sani, duk mai son raba ta da yaran nan sai ya fara da ita. Ita ta kwana uku a zaune lokacin zazzaɓin Auta. Ita ta san asalin kowane tabo a gwiwar Yaya, kuma wajenta ya nufo ranar da ya fara tafiya.

Ta so ta juya. Amma itatuwan suka buɗe, ruwa ya bayyana yana ƙyalli, Yaya ya tashi Auta, su biyun suka manna fuska a gilashi. Mama ta kashe mota.

Ranar aiki ce, wurin babu kowa sai wani tsoho mai kwale-kwale yana gyaran raga. Kusa da shi ta shimfiɗa tabarma, ta tura ƙarfen kwance taya a ƙarƙashinta. Ta naɗe wa yaran wando, ta raba musu burodi. Agwagi suka taru. Auta ta tsoma ƙafa, sanyin ya ratsa ta, ta ƙyalƙyale da dariya.

Farar motar tana can bakin itatuwa, inji a kashe. Minti goma. Minti ashirin. Sai da burodin ya ƙare tas sannan ƙofar ta buɗe.

Mutumin da ya fito silifas ɗin wanka ne a ƙafarsa, maɓallan rigarsa a harɗe. Mama ta kai hannu ƙarƙashin tabarma, sai ta ga fuskarsa, hannun ya mutu a nan.

"Abba!" Yaya ya ruga da gudu, Auta na bin sa da jiƙaƙƙun ƙafafu.

Ya durƙusa ya rungume su, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya iso tabarmar bai ɗaga murya ba. Ya ce motar maƙwabci ya ara tunda ta fito da tasa, ya kuma san nan za ta nufa. Ya cim mata tun a gidan mai, amma ya ji tsoron ya yi hon ta firgita ta taka mota da yara a ciki.

"Na bari sun ga ruwan," ya ce. "Yanzu ba ni makullin. Tun da gari ya waye uwarsu take kuka."

Mama ta miƙa masa. Ta sunkuya ta goge wa Auta ƙafa da gefen mayafinta, yatsa bayan yatsa, ta sa mata takalmi. Sannan ta roƙe shi alfarma ɗaya: ya gaya wa sabuwar mai rainon da aka ɗauka jiya a madadinta cewa yarinyar ba ta barci sai an riƙe mata hannu.